Ku Tambayi Bakanike: Motocin da Suka Zo da Shirin Ƙasar Sanyi

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan karon, kuma duk maganar sanyi ce ta haɗa su. Manyan motocin da ke shigo mana ta tashar jiragen ruwa ta Duwala ko ta Kwatano, akasarinsu sun yi rabin rayuwarsu a Jamus, Beljiyam ko Kanada, kuma da shirin can suke zuwa. A cikin shirin akwai abin da ya kamata a cire tun ranar da mota ta iso, akwai kuma wanda cire shi kashe inji ne. Abin da nake gani kullum a garejinmu nan Garwa shi ne an bar na cirewa, an cire na bari.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Mercedes GLE da aka kawo mini daga Beljiyam. Tayoyinta sun zo da zane mai zurfi kamar sababbi, amma daga watan Fabrairu zuwa yau sun cinye rabi. Idan na hau hanyar Garwa da rana sai in ji motar tana lilo, ga wani gunji. Mai faci ya ce laifin kwalta ne. A gefen tayar akwai hoton dutse da wata alama kamar tauraro a ciki. Daga wani Alhaji a Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa alheri. Wannan hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a tsakiya alama ce ta cewa an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa. Ka sake sunkuyawa ka karanta sunan da ke gefenta. In ka ga Blizzak, Alpin, WinterContact, Sottozero ko Hakkapeliitta, to tayar hunturun Turai ce tsantsa. Na ce ka duba sunan ne saboda akwai tayoyin daji da na kowane yanayi da su ma ke ɗauke da hoton dutsen, kuma su ba su da wannan matsala sosai. Haka nan haruffan M+S (wato laka da dusar ƙanƙara) kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne, yawancin tayoyin Prado da Hilux na da su.

Robar tayar hunturu an haɗa ta ne don kada ta sandare idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. Ka sa farcenka a kan zanen ka danna, za ka ji ya shige. Ka kuma lura da ƙananan tsagogi masu kwana-kwana da suka cika kowane ƙulli na zanen: aikinsu su buɗe su ciji ƙanƙara. To ka ɗauko wannan roba ka ɗora ta a kan kwaltar Figil a watan Afrilu da azahar, lokacin da iska kanta ta haura digiri 40, kwaltar kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba, ga mota mai nauyin fiye da tan biyu a kanta. Sai ta riƙa cinyewa kamar sabulu a hannun mai wanki. Lilon da kake ji kuwa ƙullayen zanen ne ke lanƙwashewa a ƙarƙashinka duk lokacin da ka juya sitiyari.

Cinyewar ba ita ta fi damuna ba, kuɗi ne, kuma Allah ya hore maka. Birki ne abin tsoro. A busasshiyar kwalta mai zafi tayar hunturu na buƙatar tazara mai tsawo kafin ta tsayar da mota fiye da tayar bazara, kuma kai ka san hanyar Marwa zuwa Garwa: shanu na tsallakawa, ɗan acaɓa na fitowa daga lungu ba ko waiwaye. Sannan da yawa daga tayoyin hunturu iyakar gudunsu ya gaza na ainihin tayar motar. Harafin ƙarshe bayan lambar girma shi ke faɗa: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Na san ba za ka yi wannan gudu ba, amma harafin yana nuna yadda tayar ke jure zafin da take tarawa a ciki, kuma zafi ne ke fasa taya.

Ka canza duka huɗun lokaci guda, iri ɗaya, girma ɗaya da wanda kamfani ya rubuta. Motarka ƙafa huɗu ke ja, idan biyu sababbi ne biyu sun suɗe, kowace tana juyawa da nata lissafi, akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya shi zai sha wahala, gyaransa kuwa ya fi kuɗin taya biyu. Kada kuma ka je kasuwa ka maye gurbinsu da tayoyin Beljiyam ba tare da ka duba ba, domin da yawansu na hunturu ne da Turawa suka cire bayan zanen ya sauka kusan milimita 4, inda amfaninsu a ƙanƙara ke raguwa. A idon mai saye a nan sai ya ga taya mai sauran rai. Ka nemi haruffan DOT a gefen tayar, lambobi huɗu na ƙarshe bayansu su ne ranar haihuwar taya: 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019. Ni a zafinmu ba na sa wa mutum tayar da ta wuce shekara shida, ko da zanenta bai taɓa ƙasa ba.

Iska kuma a auna da safe kafin mota ta yi tafiya. Adadin na rubuce a cikin murfin tankin mai ko a jikin ƙofar direba. Ka sayi ma'auninka ka ajiye a mota, kada ka yarda da bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara. In ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta ɗan hau, haka ya kamata, kada a sace ta.

Tambaya: Ina da BMW X5. Kwanan nan allurar zafi ta ɗan tashi a cikin cunkoson hanyar kasuwa. Bakanikena ya ce zai cire tamostat ya zubar da ruwa mai launi da ke cikin lagireto ya zuba ruwan famfo, wai duk don ƙasar ƙanƙara aka yi su. Maigida ya yarda, ni ce hankalina bai kwanta ba. Daga wata Hajiya a Njamena.

Amsa: Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Ki ba maigida haƙuri a dakatar da aikin nan yau ɗin nan.

Gaskiya ne wannan ruwa na hana daskarewa: in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa, sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili kafin ya daskare, mu kuwa ba ruwanmu da wannan. Amma aikinsa uku ne, biyu daga ciki namu ne. Yana ɗaga matakin tafasa, ta yadda da taimakon murfin da ke riƙe matsi ruwan kan wuce digiri 120 bai tafasa ba. Yana kuma hana tsatsa da cin ƙarfe. Injin motarki da lagiretonta alminiyam ne. Na sha buɗe irin waɗannan injina bayan shekara ɗaya ko biyu da ruwan rijiyar burtsatse: hanyoyin ruwan sun yi farin ɓawo, bakin bututun ya zaizaye har yatsa na kama ramuka, ruwan da ke fita ja wur. Wannan ɓawo shi ke hana zafi fita, sai allura ta ƙara tashi, sai a ce ai ƙasar ce da zafi.

Tamostat kuma ƙofa ce. Tana rufe har inji ya ɗumama, sannan ta buɗe ruwa ya wuce lagireto. Injinan zamani an ƙera su ne su yi aiki a wajen digiri 90, na BMW ma kwamfuta kan bar su su haura 100 da gangan don tsimin mai. In an cire ta, da safiyar hunturu inji ba zai kai zafinsa ba, kwamfuta za ta ɗauka har yanzu yana sanyi ta yi ta ƙara masa fetur, fetur ɗin ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. A injina da yawa kuma tamostat ɗin ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba. Babu ita, wani kason ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar, sai motar ta fi yin zafi a watan Afrilu. In ta lalace, sabuwa ake sawa.

Abin da zan fara dubawa a motarki shi ne tsakanin lagireto da ragar na'urar sanyi da ke gabansa. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi, gashin kaji da ledoji kan taru a wannan tsaga har su zama tabarma, kuma daga waje ba a gani sai an kwance. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mai sauƙi, ba da injin wankin da ke lanƙwashe haƙoran lagireto ba. Daga nan a duba fanka, da murfi, da tankin roba na ruwa wanda kan tsage in ya tsufa. Yawancin injinan BMW masu silinda shida na fetur na shekarun baya famfon ruwansu na lantarki ne, kuma yakan bar saƙo a kwamfuta kafin ya mutu, don haka a jona na'ura a karanta. Wajen ƙara ruwa a bi abin da littafin motar ya ce, launi ba hujja ba ne. A gauraya shi da tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, mara asid. Kuma kada kowa ya buɗe murfin nan inji na da zafi.

Tambaya: Ni direba ne. Range Rover ta maigidana, mai shan gas (dizal), tana wahalar tashi da asuba a Disamba da Janairu. Abokaina sun ce man 5W-30 da muke zubawa ruwa ne, in koma 20W-50. Daga wani matashi a Ngaundare.

Amsa: Ƙanena, Ngaundare a kan tudu take, sama da mita 1,000, sanyin asubarku ya fi namu cizo, amma bai kai ya hana lafiyayyen inji tashi ba. Fara da batir. Zafin bazara ne ke cinye shi a ɓoye, sanyi ya zo ya tona. Cikakken batir da ya kwana yana nuna kusan bolt 12.6, in inji na aiki kuma wajen 14. In za a canza a sa irin wanda aka cire, galibi nau'in batir da ake kira AGM ne a waɗannan motoci, a kuma sanar da kwamfutar motar cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsoho. In batir lafiya lau ne, a gwada filogin ɗumama silinda ɗaya bayan ɗaya. Kai ma ka jira fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin ka tayar.

Batun mai kuwa, abokanka da tsohuwar Fijo 504 suke auna motar. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai ke gudu a sanyi, ta biyun kuma kaurinsa a digiri 100. Hanyoyin mai na wannan inji da na turbo matsattsu ne, mai kauri zai makara kafin ya isa sama da safe, tashin ma ya ƙara wuya. Ka tsaya a kan abin da littafi ya rubuta. Wanda zan ce ka canza shi ne tsawon lokacin juye. Doguwar tazarar da motar ke nunawa an tsara ta ne don Turai, inda tun 2009 sinadarin sulfa a cikin gas bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kuma babu ƙura irin tamu. Ni a kilomita 7,000 zuwa 8,000 nake juye wa irin waɗannan, tare da matatar mai. Matatar iska a duba ta kowane wata a hunturu, in ta cika a sa sabuwa, hura ta da iska mai ƙarfi na huda takardar. Ka kuma roƙi maigida a daina sha a jarkar bakin titi, ruwa da dattin cikinta injekta suke kashewa. Da inji ya tashi, minti ɗaya ya isa, ka ja a hankali. Barin ta tana aiki a tsaye rabin awa kuna shan shayi toka kawai yake tarawa a matatar hayaƙi.

Tambaya: Ɗana yana aiki a Montreal ta ƙasar Kanada, ya sayi Audi. Ya ce ba zai aiko da na cefane wannan watan ba don zai sayi tayoyi huɗu na sanyi, alhali na motar sababbi ne. Anya kuwa? Daga wani dattijo a Unguwar Hausawa, Garwa.

Amsa: Baba, yaron nan gaskiya ya faɗa maka. A lardin Kebek, inda Montreal take, doka ce a sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, wanda aka kama babu sai ya biya tara. Jamus ma na hukunta wanda ya hau ƙanƙara ba su, Faransa kuma tun 2021 ta wajabta su ko sarƙar taya a yankunan duwatsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Tayar da na ce Alhajin Marwa ya cire, ita ce ke riƙe da ran ɗanka a can. Jan ƙafa huɗu na Audi na taimakawa wajen tashi, amma tsayawa aikin taya ne.

In ya kira, ka gaya masa ya zuba ruwan wanke gilashi na hunturu wanda ke jure digiri 40 ƙasa da sifili, ya riƙa wanke ƙasan motar saboda gishirin da suke watsawa a titi na cin ƙarfe. In dusar ƙanƙara ta binne motar, ya fara tone bakin salansa kafin ya tayar, kuma kada ya taɓa ɗumama ta a rufaffen gareji, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari. Da bazararsu ta shigo a watan Afrilu ya cire su ya ajiye a inuwa, za su yi masa hunturu uku ko huɗu.