Kafin Ka Kwance Bayan Talabijin

Tambaya biyu ka haɗa mini wuri ɗaya, ɗana. Ka ce me ya sa talabijin masu intanet, 'yan inci 43 zuwa 55, su ne suka cika mana shago tun ba su daɗe a hannun masu su ba, alhali tsohuwar mai ƙusumbi tana can gidan kakanni tana aiki. Ka kuma ce in mutum ya tambaye ka wacce zai saya, wane suna za ka kira masa. Ta biyun ba ta da wuya, za mu zo kanta.

Talabijin ta matsakaicin kuɗi, kuɗinta ya tafi ne ga abin da ido ke gani a kanti: faffaɗan gilashi, siririn baki, da 4K da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Inda aka tsuke hannu yana ciki, wurin da mai saye ba ya leƙawa, wato fitilun baya, bod ɗin wuta, da ma'ajiyar manhaja. Hisense, TCL da ƙananan samfuran LG da Samsung duk a farashi ɗaya suke kokawa, kowa kuma sai ya rage wani abu kafin ya kai wannan farashin. Shi ya sa in ka kwance su za ka ga ciwon nasu kusan iri ɗaya ne, ko da sunan gaba ya bambanta.

Fara da fitilu, don su ne abincinmu. Mutane na kiran duk shafaffiyar talabijin fulasma, amma waɗannan LCD ne, gilashinsu ba ya ba da haske da kansa. A bayansa akwai layukan ƙwayoyin LED, kowace ƙwaya tana cin bolt 3 ko 6 gwargwadon samfuri, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi a zare guda. Ƙwaya ɗaya ta yanke, layin gaba ɗaya ya mutu, bod ya ga abin bai yi daidai ba ya kashe sauran. Sai mai ita ya zo ya ce maka murya na fita, hoto babu. Wani zai ƙara da cewa in an kunna tana ɗan walƙawa sannan ta yi duhu. Kada ka taɓa sukundireba tukuna. Kunna ta, ɗauki tocila, ka manna hasken a jikin gilashi ka duba a karkace. In ka hango inuwar hoto ko rubutun menu na motsi, to babban bod lafiya lau, tikon, wato ƙaramin bod ɗin da ke tura hoto zuwa gilashi, lafiya, gilashi lafiya. Aikin na fitila ne ko na wutar da ke ciyar da ita, sai ka sa mitar awon wuta ka raba gardama.

Abin da ke kashe ƙwayoyin nan zafi ne, kai kuma ka san Birnin Kebbi a Maris da Afrilu da Mayu, awo na haura 40 ba wani labari ba ne. Ka ɗora da ɗaki mai kwano babu silin, talabijin an manna ta da bango ba wurin shan iska, uwargida kuma ta rufa mata leshi don ƙurar hunturu, a kunna ba a yaye ba, ramukan iskan sama a toshe. Sannan babban abin: yawancinsu daga kwali ake barin su a kan tsarin hoto mafi ƙyalli, wanda aka yi don haskaka kanti, ƙarfin fitila a ƙure. Masu gidan kallon ƙwallo su ne suka fi kowa shan wannan, don tasu tun la'asar take ci har tsakar dare. Kafin ƙwaya ta mutu ma tana ba da alama. In ka ga hoto ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, rawayan sinadarin da ke saman ƙwayar ne ya ƙone. In ka ga fararen da'irori kamar an haska tocila daga ciki, ƙananan murafen roba da ke baza haske ne suka faɗo, gam ɗinsu ya bushe.

Nan ne nake saɓawa da wasu abokan sana'a. Su sukan cire ƙwayar da ta mutu su dasa wata, su karɓi kuɗi kaɗan, kowa ya rabu da murna. Ni ba na yi sai in mai kaya ya nace, shi ma sai na gaya masa abin da zai biyo baya. Ƙwayoyin nan tare suka sha zafi, tare suka tsufa. Wadda ta mutu riga 'yan uwanta kawai ta yi. In an samu saiti cikakke daga Kano ko kasuwar Alaba ta Legas, a sauya duka. In ka gama kuma ka shiga menu ka rage ƙarfin fitilar baya zuwa wajen kashi 60 ko 70, ka nuna wa mai ita da idonsa cewa a cikin ɗaki hoton bai ragu da komai ba. Ka lura, ƙarfin fitilar baya daban, hasken hoto daban, yara da yawa na rage wanda bai kamata ba. Wurin ɗaga gilashi kuwa, daga inci 50 zuwa sama kada ka yi kai kaɗai, ko ina nan ko ba na nan. Ka tsare siraran ribobin da ke gefensa, ka ajiye fararen takardun baza haske yadda ka same su a jere. Fitila ana sayenta. Gilashi in ya tsage a hannunka, talabijin za mu biya.

Sai wuta. Abin da ya kamata ya zo a soket bolt 230 ne, amma ka sha aunawa da kanka, ka ga yadda take sauka da dare ta kuma dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Ƙaramin janareta in mai ya kusa ƙarewa yana ta shiƙa, shi ma haka yake wasa da ita. Talabijin da ta mutu murus, ko jar fitila babu, ka fara da fis. In ya ƙone, wani abu ne ya ƙone shi, ka bi sawu: abin tare hauhawar wuta da ke bakin shiga, diyod huɗun nan, sai transisto mai sauya wuta. Kada in taɓa ganin ka naɗa waya a madadin fis a shagon nan. In ka sauya kaya, gwajin farko ka yi shi ta cikin ƙwan fitila mai zare. In ƙwan ya kama ya tsaya da haske, akwai sauran gajeren haɗi. Babban kafasitan nan kuma da aka rubuta 450 a jikinsa yana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare filogi. Ka sauke shi da resista, ka auna, sannan ka sa hannu. A ƙanana da yawa yanzu bod ɗin wuta da babban bod a haɗe suke fale ɗaya, abin da ya taɓa wannan sai ya lashi wancan.

Da damina ta kankama, daga Yuni zuwa Satumba, za ka ga wani salo: talabijin na kunnuwa, YouTube na yi, amma duk ramukan HDMI sun mutu. Mai ita zai rantse maka ya zare soket kafin hadari. Gaskiya ya faɗa. Tsawa ta dishi ta biyo, ta ratsa dikoda, ta shigo ta wayar HDMI. Sitabilaiza ba ta da abin cewa a nan. Ka koya musu zare wayar dishi ko ta HDMI in hadari ya haɗo, ka kuma sa su sayi ɗan abin tsaron nan mai jinkirta wuta in an kawo ta.

Ɓangaren intanet shi ne ya fi jawo mita, ko da bai fi kawo kuɗi ba. Irin waɗannan talabijin ƙwaƙwalwar aikinsu ba ta cika wuce gig 1.5 ko 2 ba, ma'ajiya kuma gig 8 a da yawansu, manhajar kanta ta cinye kaso mai tsoka. Tana sabuwa garas take. Manhajoji na ƙara nauyi da kowane sabuntawa, ita kuma tana nan yadda aka haife ta, sai ka danna rimot ka jira. Abu na farko, goge abin da ba a amfani da shi, in bai yi ba ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Wadda ta maƙale a kan tambari, ko take ta kunna kanta tana kashewa, sau da yawa guntun ma'ajiyar nan ne, eMMC, ya gaji ko abin da ke cikinsa ya rikice, ɗaukewar wuta tana tsakiyar sabuntawa kuma na cikin abin da ke jawo haka. Ana iya yi mata filashin, wato a sake zuba mata manhaja, ta USB, amma ka ji ni da kyau: sunan samfuri bai isa ba. Sai lambar bod da lambar gilashi sun dace da manhajar da za ka zuba. In ka zuba ta wani gilashi, hoto ya juye ƙasa a sama, ko launi ya dagule, ko rimot ya daina ji, ko ta mutu gaba ɗaya. In kuwa gilashi da fitila ƙalau suke, nauyi ne kawai ya dame ta, ni shawarata a saya mata ƙaramin akwatin Android a soka a HDMI. Ya fi a yi ta wahalar da bod.

Akwai kuma waɗanda za a kawo maka lafiyarsu lau, mai su ne bai gane ba. Wani ya taɓa sauke mini tasa yana faɗa, “Wagga talabijin sabuwa ta, wallahi, amma ta ƙi kama intanet!” Kwanan wata ne ya koma baya bayan ɗaukewar wuta, manhajoji kuma ba sa yarda su buɗe in kwanan wata ba daidai ba ne. Wata kuma, cikin zangon wayfai biyu, na 2.4 da na 5, wayfai ɗinta na 2.4 kaɗai yake gani, mai ita ya buɗe mata intanet daga waya a kan 5. Wani zai ce tana shanye data; ai dole, Netflix da kansu sun ce 4K na iya cin gig 7 a awa ɗaya, sai ka shiga ka rage masa ingancin hoto. Wani zai ce an cuce shi, an ce 4K ce amma hoton dikoda dishi-dishi. Gilashin yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, tashoshin kyauta da yawa kuwa ƙaramin hoto suke turowa, talabijin ce ke miƙe shi ya cika fuska, in ta fi girma aibin ya fi fitowa. Filashar da aka ɗuro fina-finai daga wurin masu turawa, wani fim ya yi hoto babu murya: nau'in sautin ne talabijin ba ta karantawa, lasifika ba ta da laifi. Wadda ke kashe kanta bayan awa huɗu, ko ke dusashewa in an kashe fitilar ɗaki, tsarin tsimin wuta ne. Wanda kuma ke son saka manhajar wayarsa, ka duba masa tukuna: LG webOS take amfani da shi, Samsung Tizen, Hisense da yawa VIDAA, duk ba sa ɗaukar manhajar Android. Sai mai Android TV ko Google TV, irin TCL da yawa. Duk waɗannan ka gyara a gaban mai kaya, kada ka ce a dawo gobe, kada kuma ka caji kuɗin kwancewa a kan abin da rimot ya warware.

Layuka a tsaye ko a kwance, ko rabin fuska ya yi duhu, nan ka yi taka-tsantsan da bakinka. Ka zare ribobin tikon ka goge ka mayar, ka auna wutarsa. In layin na nan, akasari ribon da ke manne da gilashi ne ya ci, sanadin kuwa sau da yawa ruwan goge-goge ne da aka fesa ya gangara ƙasan firam. Liƙa shi sai inji na musamman, mu ba mu da shi. Dabarar toshe wasu ƙafafun ribon da salatif takan dawo da hoto a wasu, amma jinkiri ne, ka faɗa wa mai ita haka. Sabon gilashi kuma kuɗinsa na kusa da sabuwar talabijin.

To, wacce za a saya? Kada ka ɗaure kanka da suna ɗaya, don kamfani ɗaya na iya fitar da mai ƙwari bana ya fitar da mai rauni baɗi. Ka ce ya sayi wadda ake samun fitilunta da bod ɗinta a kasuwa, a wurin dila mai ba da rasit da takardar garanti, ya kuma adana kwalin. Jabu sun yi yawa, ana manna babban suna a kan ƙaramin kaya, har girman ma ƙarya ake yi. Ya tafi da tef ya auna gilashi daga kusurwa zuwa kusurwa: inci 43 santimita 109 ne, inci 55 kuwa wajen 140. Ya shiga menu ya ga ko manhajar ta kamfanin ce. A kunna masa farin hoto da baƙi ya duba tabo. In kuɗinsa na inci 55 ne cif-cif babu saura, gara ya sauko 43 ya sayi abin tsaron wuta da canjin. In za a kai ta Jega ko Argungu, a tsaye za ta tafi cikin kwalinta, kada a kwantar da ita a ɗora mata buhu. Mai garanti kuma da sauran kwana, kada ka kwance ta, tura shi inda ya saya.

Waccan mai inci 50 da aka kawo daga Kalgo, mai ita ya ce murya kawai take yi. Ɗauki hoton fuskarta da wayarka yadda ta zo, ka rubuta lambar samfurin a littafi, sannan ka gwada ta da tocila ka zo ka gaya mini abin da ka gani. In fitila ce, kira ɗan uwanka ku share babban tebur kafin a ɗaga gilashin.