Dalilin da hasken rini yake dushewa a maikiroskof

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa hasken kakin da muka rina da oramin don gwajin tarin fuka yake dushewa idan ka daɗe kana dubansa, kuma ko fitilar ce ta fara lalacewa. Fitilar lafiyarta ƙalau, rinin ne yake ƙarewa a gaban idonka.

Kowace ƙwayar rini tana shan haske mai gajeren zango, ta mayar da shi da zango mai ɗan tsawo, kamar yadda George Stokes ya bayyana tun 1852. Wani rini mai suna fuloresin, misali, yana shan shuɗi wajen nanomita 490 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), ya fitar da kore wajen 520. Dushewar da kake gani tana tafiya sannu a hankali ne saboda hasken ƙwayoyi masu ɗimbin yawa kake kallo a haɗe, tamkar mai hangen garin Jos da dare daga Dutsen Shere, wanda ba zai gane gidan da ya kashe fitila ba.

Ƙwaya ɗaya tak ba haka take yi ba. Masu bincike Moerner da Kador ne suka fara gano ta ita kaɗai a 1989 a Amurka, cikin matsanancin sanyi, sannan a 1997 Lu da Xie suka bi sawun launinta a zafin ɗaki, suka ga yana gusawa gaba da baya, wani sauyin cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wani kuwa sai bayan daƙiƙoƙi gommai. Dalili shi ne ƙwayar tana manne da wuri, kuma duk lokacin da zamanta ya ɗan jirkita ko abin da ke kewaye da ita ya motsa, sai tazarar ƙarfin da take sakewa ta canza, launin ma ya bi. Wani lokaci takan ɗauke ɗif sannan ta dawo, domin ta faɗa wani yanayi da ba ta fitar da haske. A wannan yanayin ne iskar oksijin ta fi samun damar lalata ta, kuma idan hakan ta faru, mutuwa take yi farat ɗaya, ba dawowa.

Wannan na ƙarshen ne ya shafi aikinmu, kuma a ganina gaggawar ƙara wa fitila ƙarfi ita ce babbar ɓarnar sabon hannu. Ka daidaita madubin maikiroskof a gefen gilashin da aka shafa wa kakin, ka toshe hasken duk sanda ka ɗaga kai za ka yi rubutu, ka ajiye gilasan da aka rina cikin akwatinsu a rufe, kuma ka karanta su a ranar da aka rina su.