Tambayoyinku kan rumbun bayanai: layin da aka ja da linzami

Tambaya: Malam, bayanan ɗalibanmu sun yi wa Excel yawa. An ce in koma Microsoft Access, manhajar rumbun bayanai, wai da linzami kawai zan tsara tebur ba sai na rubuta umarni ba. In saya? (Wata malamar makaranta)

Amsa: Malama, idan kwamfutarki Windows ce, kuma ku biyu ko uku ne ke shigar da bayanai, Access ya ishe ki. Ba ya aiki a kan Mac. Kafin ki fitar da kuɗi, ki tambaya ko yana cikin kunshin Microsoft 365 da makarantarku ke biya, domin wasu kunshin na ɗauke da shi, wasu babu. Fayil ɗinsa ba ya wuce gigabait 2. Sunaye da maki ba za su cika shi nan kusa ba, sai dai in kin tula masa hotuna. In hannu bai kai ba, LibreOffice Base kyauta ne, ko da yake bai kai Access sauƙin sarrafawa ba.

Tambaya: Wani ya tallata mini Visual FoxPro, ya ce sabo ne fil, da araha. (Wani mai koyon aiki)

Amsa: Sabo daga ina? Sigar ƙarshe, ta 9, ta fito ne a 2004. A 2007 Microsoft ta sanar cewa babu ta 10, a Janairun 2015 kuma ta janye hannunta gaba ɗaya. Ban raina manhajar ba, a zamaninta ta iya ɗaure doka a jikin tebur yadda ya kamata, wato sa teburin da kansa ya ƙi karɓar bayanin da bai dace ba. Amma abin da mutumin nan ke miƙa maka, mafi rinjayen zato fasasshen kwafi ne, kuma ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Riƙe kuɗinka.

Tambaya: Na biya wani ya haɗa mini manhajar lissafin kaya. Fom ɗin ba ya yarda in saka adadin da ya gaza sifiri, amma jiya na tarar da kaya an rubuta -40, ga kuma rasit da sunan abokan cinikin da babu su a jerin sunaye. Ko barci ban yi ba. Kutse aka yi mini? (Wata 'yar kasuwa)

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Da wuya ya zama kutse. Wannan matsala ce da nake ta magana a kanta har na fara gundurar masu karatu, amma zan sake.

Wanda ya yi miki aikin ya sa dokar ne a kan fom, bai sa ta a kan tebur ba. Kamar mai gadi ne a ƙofar gaba, taga kuma a wangale. Duk bayanin da ya shigo ta wata hanya, ko an kwaso shi daga Excel, ko an buɗe teburin an rubuta kai tsaye, ba wanda zai tare shi. Manhajojin zana tebur da linzami su suka sa aikin ya yi sauƙi, su ne kuma suka sa ha'inci ya yi sauƙi: mutum zai ja akwatuna, ya haɗa su da layuka, ya nuna miki allo ya yi kyau, ki biya.

Layin da aka ja tsakanin teburin abokan ciniki da na rasit ba ya hana komai da kansa. A Access sai an danna akwatin da ake kira Enforce Referential Integrity kafin ya ƙi karɓar rasit marar mai shi. A MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, idan teburin na injin ajiyar bayanai mai suna MyISAM ne, za a rubuta alaƙar ya karɓa ba musu, sannan ya yi watsi da ita. Injin InnoDB ne ke aiki da ita. Kai, hatta dokar CHECK, wadda ke hana adadi sauka ƙasa da sifiri, MySQL ya daɗe yana karanta ta yana wucewa, sai a siga ta 8.0.16, a 2019, ya fara tilasta ta. SQLite kuwa, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai, a kashe yake barin tsaron alaƙa tsakanin tebur da tebur sai an kunna shi.

Ga abin da za ki yi. Ki kwafi rumbun ki adana a wani wuri daban tukuna. Ki kira wanda ya haɗa miki manhajar ya gyara gurɓatattun bayanan da ke ciki, sannan ya ɗaura dokokin a jikin tebur: adadi kada ya gaza sifiri, lambar rasit kada ta maimaitu, gurbin kwanan wata kada a bar shi fanko. Daga nan ki ce ya rufe fom ɗin, ya buɗe teburin a gabanki, ya rubuta -40. In ya shiga, aiki bai ƙare ba, kada ki ba shi cikon kuɗinsa.

Ki kuma tambaye shi ko ya kunna gogewa mai bin sawu, wato Cascade Delete. In a kunne take, ranar da yaron shagonki ya goge sunan abokin ciniki ɗaya bisa kuskure, duk rasit ɗinsa sun tafi tare da shi, har da bashin da kike bin sa.

Tambaya: Wace manhajar zanen tebur ce ta fi kyawun launi? A shirye nake in biya ko nawa ne. (Wani ɗalibi)

Amsa: Ɗana, launi? MySQL Workbench kyauta ne, pgAdmin na manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL kyauta ne, DBeaver ma yana da siga ta kyauta. Ɗauki ɗaya, ka zana teburinka, sannan ka buɗe umarnin SQL, wato harshen ba rumbun bayanai umarni, da manhajar ta rubuta a madadinka ka karanta layi-layi har ka gane shi. Ranar da ka ci karo da aikin da waɗannan suka gaza yi maka, ka sake rubuto mini mu yi maganar saye.