Muryar Kawu ga Auta kan sabon lasisi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Auta, na ji saƙonka tun da safe, ina tasha ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce lasisi ya fito, kana tambayar me za ka fi kiyayewa a hanya. To madalla, Allah ya sa ka fara a sa'a. Sai ka yi haƙuri, maganar za ta ɗan ja.

Ni ba satin farko nake jiye maka ba. Satin farko tsoro na tare da kai, hannu biyu a sitiyari, ko kaza ce ta gifta sai ka taka birki. Wata na uku nake jiye maka, lokacin da hannu ya faɗa, ka fara ɗora gwiwar hannu a taga, abokai a baya suna cewa "taka mata mana, ai ba amarya ka ɗauko ba." A nan yawancin sababbin direbobi ke kwafsawa.

Babban abin da ke cin mutane a hanyoyinmu obatekin ne, musamman hanya mai hannu ɗaya. Bari in ba ka nawa. Ina sabon shiga, a hanyar Kano zuwa Katsina, na bi bayan wata tirela har na gaji. Yaron motar ya miƙo hannu yana yi mini alamar in wuce. Ban leƙa da idona ba, na fita kawai. Ina kaiwa tsakiyar tirelar sai ga bas ta ɓullo daga kwana. Wallahi Allah ne ya kiyaye, mai bas ɗin ne ya sauka gefen titi, ƙura ta turnuƙe. Da na tsaya, ƙafata rawa take, na kasa taka kuloci. Tun ranar, ko wa ya ce in wuce, sai na ga hanyar da kaina. Kuma ba a wucewa a kwana, ba a wucewa a hawa, ba a wucewa a kan gada. Ka yi lissafi mana: mota a gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kai 100, mai tahowa 100, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da mita 56 duk daƙiƙa. Abin da kake hange can nesa, kafin ka ce me ya iso.

Lissafin nan shi ne na waya ma. Daƙiƙa uku ka sunkuya ka duba saƙo, ka tafi sama da mita 80 kamar makaho. Ko mu ne muka kira ka daga gurup ɗin nan, kar ka ɗauka, ka samu gefe ka faka.

Gudu kuwa, doka ta ce ƙaramar motar gida 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A cikin Kano ma wa zai ba ka 50 ɗin? Ɗan adaidaita sahu zai tsaya a gabanka ba sigina ba komai don ya hango fasinja. Ka ba shi tazara, ka ɗauka kullum zai tsaya.

Sai taya, wadda yara ba sa kallo sam. Ka duƙa ka duba jikinta, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. In ka ga 2319, sati na 23 ne na shekarar 2019 aka yi ta. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke ba taya. Ta gwanjo za ka gan ta da zanenta kamar sabuwa, alhali ta tsufa a ciki, zafin bazara na dukan kwalta sai ta fashe. In ta fashe kana gudu, don Allah kar ka danna birki, shi ke kifar da mota. Ka riƙe sitiyari gam, ka ɗaga ƙafa daga totur, ta rage da kanta.

Tafiyar dare, ni dai ka bar ta tukuna. In ta kama dole, ka rage fitila in mota na tahowa, kuma in ka ga an zuba ganye a kan titi, mota ce ta lalace a gaba, ka sassauta. Lokacin hazo haka nan.

Bel kuma ka ɗaura tun kafin ka ta da mota, ba sai ka hango masu kaki ba. Ka ajiye 122 a wayarka, lambar gaggawa ce ta Road Safety, kyauta ake kira.

Ranar Asabar bayan la'asar ka kawo motar gida in duba tayoyin da birkin, mu ɗan zaga in ga ribas ɗinka. Ka gaida Hajiya.