Manhajata na nuna 87, kunnena kuma na jin kiɗan na gudu

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina koyon aikin DJ da kwamfuta, kuma kiɗan drum and bass ne ya shiga raina. Na zuba wata waƙa a VirtualDJ sai ta nuna min BPM 87 da lamba 4A, alhali kiɗan gudu yake yi sosai. Manhajar ce ta lalace? Mene ne kuma 4A ɗin nan? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Manhajarka lafiyarta ƙalau, rabin lissafi kawai ta yi. BPM shi ne yawan bugun kiɗa a minti ɗaya. Shi drum and bass, tun da ya ɓulla a Ingila a farkon shekarun 1990, musamman Landan da Biristol, tsakanin 160 da 180 yake tafiya, akasarin na yanzu kuma 174 ne. Gangar na sauri amma bes ɗin, wato sautin ƙasa mai kauri, na jan jiki, sai manhaja ta riƙa tsallake bugu ɗaya tana ƙirga ɗaya, ta ba ka 87. Shiga wurin gyaran BPM ka ninka shi biyu, shi ke nan.

Ita kuwa 4A adireshin gidan sautin waƙar ce a tsarin da ake kira Camelot, wanda manhajar Mixed In Key ta yaɗa tsakanin 'yan DJ. An jera gidajen kamar fuskar agogo, daga 1 zuwa 12, kowace lamba da A da B. Harafin A na masu sauti mai nauyi ne (minor), B na masu sakin fuska (major). Idan waƙarka 4A ce, wato F minor, za ta zauna lafiya da wata 4A, ko 3A, ko 5A, ko 4B. Ka yi tsalle zuwa 10A, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji abin ya yi tsami.

Ga inda masu koyo ke faɗawa rami. Duk lokacin da ka ƙara wa waƙa gudu, sautinta ma hawa yake yi. Ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari ya isa ya ɗaga sautinta mataki guda, wanda a tsarin Camelot ke sa 4A ta koma 11A, alhali allon na nan yana nuna maka tsohuwar lamba a wasu manhajojin. Maganinsa maɓallin Key Lock, mai riƙe sautin waƙa a wurinsa ko an ƙara mata gudu, wanda na'urorin kamfanin Pioneer ke kira Master Tempo. Sai dai ni ba na son a dogara da shi idan tazarar ta yi yawa, domin yakan dagula bes. Daga 172 zuwa 174 ba komai, amma jawo waƙar 160 zuwa 174 wahalar da kai ne.

Dalilin da ya sa za ka yi ta cin karo da 4A a wannan kiɗa shi ne, sautin F na can ƙasa yana kusan 44 Hz, wato girgiza 44 a daƙiƙa ɗaya, daidai inda manyan sifiku ke girgiza ƙirji. Sifikar waya ko ta laftof ba ta iya fitar da shi sam, don haka kada ka yanke hukunci da ita. Nemi hedifon mai kyau. Kuma ko lambobin sun dace, bes biyu ba sa haɗuwa lokaci guda. Rage Low, wato maɓallin bes, na waƙar da ke shigowa, ka ƙirga bugu 64, a kan gaɓar ka sauke na tsohuwar ka ɗaga na sabuwar.

Waƙoƙin da bes ɗinsu gurnani ne zalla, ba wani karin sauti a sama, su ne manhaja ta fi kuskuren lambarsu. Irin waɗannan ka haɗa su a hedifon tukuna, idan kunnenka ya ƙi, goge lambar ka rubuta da hannunka wadda ta yi daidai.