Tambaya da Amsa: Dashen Gwanda da na Dabino, Wanne Zan Saya?

Wata Hajiya daga Tudun Wada a garin Gombe ta rubuto cewa ta sayi dashen gwanda guda biyu a bakin titi, sun girma sun yi ta fure, amma har yau ba su ba da ko ɗa ɗaya ba, tana tambaya ko ta sare su ta sayi wasu. Wani Malami daga Kumo kuma yana shirin dasa dabino a gonarsa, ya rasa zaɓi tsakanin dashe mai araha da aka tsirar daga ƙwallo da mai tsada da aka ciro daga gindin uwa. Tambayoyin biyu tushensu ɗaya ne.

Fure shi ne wurin haihuwar shuka. Sashen namiji shi ne siraran zarurruka masu ɗauke da gari mai launin rawaya, sashen mace kuwa yana da kai mai danƙo wanda garin ke maƙalewa a kansa, kuma ƙasansa ne ke kumbura ya zama ɗan itacen da muke ci. A tumatir da wake da kuɓewa sassan biyu suna cikin fure ɗaya. Gwanda da dabino kuwa, kamar giginya da goruba, akwai bishiya namiji akwai mace.

Hajiya, ki duba furen da kyau. Idan ƙanana ne masu yawa, suna reto a kan doguwar sanda, to maza kika saya, kuma taki ko ban ruwa ba zai canja su ba. Furen mace babba ne, yana manne da jikin bishiya a hammatar ganye. Akwai kuma gwanda mata-maza, wadda ke barbarar kanta, ita ce mai ba da 'ya'ya dogaye, kuma ita na fi so wa mai ƙaramin tsakar gida. Idan duka biyun maza ne, ki bar ɗaya, domin namiji guda yana isar mata goma, sannan ki sayi dashe uku ko huɗu ki dasa kusa da juna, in sun yi fure bayan wata 4 zuwa 6 ki cire waɗanda ba ki buƙata. Duk mai sayarwar da ya ce yana gane macen gwanda tun tana ƙarama ta ganye ko ta launin iri, kada ki ƙara masa ko sisi a kan wannan magana.

Malam, naka al'amarin ya fi nauyi, saboda kuskuren gwanda na 'yan watanni ne, na dabino kuwa na shekaru ne. Ƙwallon dabino idan aka shuka shi, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, ba kuma za ka gane ba sai sun yi fure, bayan ka shafe shekara biyar ko fiye kana wahalar ban ruwa. Matan da suka fito ma ba lallai su gaji zaƙi ko girman 'ya'yan uwarsu ba. Tsiron da aka ciro daga gindin uwa shi ne uwar sak, a jinsi da ɗanɗano, kuma ya fi saurin haihuwa. Shawarata ita ce ka sayi tsiron gindi ko da kaɗan kuɗinka zai iya, ka je ka ga uwar da idonka lokacin da take ɗauke da 'ya'ya, ka tabbata tsiron ya yi saiwarsa kafin a raba shi da ita.

Kada ka manta da namiji. Idan za ka yi barbara da hannu, wato ka yanko 'yan silayen furen namiji ka cusa su cikin zangarniyar mace a kwanakin farko bayan kubenta ya tsage, ka ɗaure, namiji ɗaya mai kyau zai wadaci mata kusan 50. In ba a yi barbarar ba, 'ya'yan kan fito ba ƙwallo, ba sa nuna yadda ya kamata. Kafin ka biya kuɗi, ka leƙa Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, ka nemi malamanta su nuna maka yadda tsiro mai lafiya yake.