Baƙin man motata yana warin fetur kuma yana ƙaruwa, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata mai amfani da fetur ce, kuma zirga-zirgata ba ta wuce kilomita 4 daga gida zuwa wurin aiki, safe da yamma. Kwanan nan na ji baƙin mai yana warin fetur, a jikin sandar gwaji kuma ya ɗan haura inda yake ranar da aka yi juye. Inji ne ya fara lalacewa, ko akwai abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba lallai ne inji ya samu matsala ba. Gajeriyar tafiya kaɗai ta isa ta jawo wannan.

Idan aka tada inji da sanyinsa, kwamfutar mota kan ƙara masa fetur fiye da na kullum, saboda fetur ba ya zama tururi sosai a cikin silinda mai sanyi. Wani daga ciki ba ya ƙonewa, sai ya kwanta a jikin silinda, ya zurara ta gefen ringin fistin, ya gangara cikin baƙin mai. Kowace mota haka take yi, sai dai injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, musamman masu tabo (turbo, na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji), sun fi. Motar da ta yi doguwar tafiya, baƙin manta yakan ɗau zafi har fetur ɗin ya tashi, bawul ɗin PCV ya ja tururin ya mayar inji ya ƙone. Taka kuwa kana kashe ta tun ba a kai nan ba, da yamma a ɗora wani kan na safe.

Kada allurar zafi ta ruɗe ka. Zafin ruwa take nunawa, ba na mai ba. Ruwa yana iya kai matsayinsa cikin minti 5 zuwa 10, mai kuma yana biyowa a baya, sau da yawa sai ya ci ninkin wannan lokacin kafin ya kai digiri 90 zuwa 100. Don haka sau ɗaya a mako ka hau babban titi ka yi tafiyar minti 30 zuwa 40 ba tsayawa. Zaman cunkoso ba ya cikin lissafi. Ka kuma haɗa ƙananan fitarka wuri guda: tayarwa ɗaya da sanyi ta fi uku sauƙi ga mai.

Barin mota a silo da safe wai ta yi zafi, shi ma ƙara cutar yake. Inji a silo ba ya ɗaukar nauyi, yana daɗewa bai yi zafi ba, fetur kuma yana ta sauka. Ka ba ta daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ka tafi a hankali ba tare da danna totur ba har ta ɗumama.

Doguwar tafiyar ma ba ta kwashe shi duka, domin akwai ɓangaren fetur mai nauyi da ba ya tafasa sai kusan digiri 200. Wannan sai juye. Duba littafin motarka, akwai jadawalin da aka ware wa aiki mai wahala, gajerun tafiye-tafiye suna ciki, kuma galibi rabin tazarar da aka saba ce. Ga irin tuƙinka, kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga, tare da sabuwar filta. Man da ke ciki yanzu, tunda ya riga ya haura, a zubar da shi. Mai da ya tsinke ba ya riƙe tazara tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma metal ɗin karanshaf da sarƙar taimin da tabo su ne ke fara ji a jikinsu. Zuba mai mai kauri fiye da wanda kamfani ya rubuta ba magani ba ne, fetur ɗin yana nan, ka dai ƙara wa inji wahala lokacin tashi.

Bayan juye ka fara aunawa da tsari: a fili marar gangara, minti 10 bayan kashe inji, ka ɗauki hoton sandar kowane mako. A yawancin motoci tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce. Injin da ke ɗaukar lita 4 na baƙin mai, idan fetur ya kai kashi 5 cikin 100, mililita 200 ke nan, wato ɗaya bisa biyar na tazarar, kuma wannan ya yi yawa. Injin da ke shan mai kuwa yana iya ɓoye abin: mai na raguwa, fetur na cike gurbi, sanda na nuna lafiya lau. A nan hanci ya fi ido.

In ka gyara tuƙi amma ya sake hawa cikin 'yan ɗaruruwan kilomita, to a nemi laifin a jikin mota. A fara da tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. Wanda ya maƙale a buɗe, ko wanda wani makanike ya cire ya jefar wai don kada mota ta yi zafi, yana hana inji kai zafinsa ko da an wuni ana tafiya. Sai nozul ɗin fesa fetur mai ɗiga bayan an kashe inji, filogi ko koyil da ke sa silinda ɗaya fashin wuta, na'urar auna zafin ruwa da ke gaya wa kwamfuta cewa inji na da sanyi alhali ya yi zafi, da bawul ɗin PCV da ya toshe. A injin mai fesawa kai tsaye a duba famfon fetur da ke zaune a kan inji, domin idan ya yi yoyo, cikin mai yake zubarwa kai tsaye.

Masu motar dizal da ke da matatar hayaƙi ta DPF, tasu ta fi tsanani. Inji yana fesa ƙarin dizal don ƙone baƙin hayaƙin da ya taru a matatar, wani daga ciki yana gangarawa cikin baƙin mai, gajeriyar tafiya tana katse aikin ya yi ta maimaituwa, dizal kuma ba ya tashi a zafin baƙin mai. Wasu sandunansu ma suna da alamar X sama da ta cika, da zarar mai ya kai nan a yi juye.